Giya ta shigo shagon da nake aiki: ashe gara lokacin da tana hannun gwamnati?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, amma bari in fara da maganar da ban taɓa zaton za ta fito daga bakina ba: wallahi na fi son lokacin da gwamnatin lardin Ontariyo, nan Kanada, ta riƙe giyarta a kantunanta, ba ta sakar wa kowa ba.

Ga abin da ya faru. Shekara biyu ke nan ina aiki a shagon wani gidan mai a Brampton, ina haɗawa da karatu. Lemo, biskit, madara, burodi, kofi, su ne kayanmu. Tun da aka ba ƙananan shaguna damar sayar da giya a Satumban 2024 maigidan ya yi ta jan ƙafa, yana cewa ba ya son rigimar mashaya. To yanzu ya ga maƙwabta suna kwashe masa ciniki, ya je ya karɓo lasisi. Shekaranjiya na zo na tarar an kwashe lemon firji uku an jera gwangwanaye. Ya ce kowa ya je ya yi takardar Smart Serve, ta horon masu sayar da giya, kafin ƙarshen wata. Ni ɗalibi ne, awa 24 kawai doka ta yarda in yi aiki a mako, kuma da su nake biyan haya. Yaya zan yi?

Baban Walida:
Wa alaikumus salam. Sannu ƙanena, Allah ya kawo mafita. Amma ka yi mini bayani, Bakano yana yi wa kantin giya addu'ar daɗewa? Duniya ta zo ƙarshe.

Ɗan Fagge:
Baba ba addu'a nake yi masa ba. Cewa nake da can an killace ta. Mai so ya san inda zai je, ni da ba na so ba ta biyo ni wurin aikina.

Malam Na Otawa:
Ɗan gyara kaɗan, Ɗan Fagge. Ba a taɓa yin lokacin da LCBO, hukumar giya ta gwamnatin lardin, ita kaɗai ke sayarwa ba. Tun 1927 akwai kamfanin masu yin giyar sha'ir, wanda yau ake kira The Beer Store, kuma shi ba na gwamnati ba ne, manyan masu shi kamfanonin giya ne, Molson da Labatt da Sleeman. Mutane da yawa, har 'yan ƙasar, suna ɗauka na gwamnati ne. Sannan tun ƙarshen 2015, zamanin Firimiya Kathleen Wynne, shugabar gwamnatin lardin a lokacin, aka fara barin wasu manyan kantunan cefane su sayar. Abin da Firimiya Doug Ford, wanda ya gaje ta, ya yi shi ne ya buɗe ƙofar gaba ɗaya: ranar 5 ga Satumban 2024 ƙananan shaguna sama da 4,000 suka fara a rana guda. Barasa mai ƙarfi, irin su wiski da bodka, ita ce har yanzu ba ta zo shagonku ba.

Amma asalin maganarka tana nan daram, kuma ta fi yadda kake zato tsufa. Harafin C da ke tsakiyar sunan LCBO yana nufin tsarewa ne da sa ido. An kafa ta ne don ta taƙaita sha, ba don ta yi ciniki ba.

Injiniyan Kalgari:
To ta taƙaita ɗin? Hukumar da take buga mujalla mai sheƙi tana rabawa kyauta, tana koya wa mutane wace kwalba ce ta dace da gasasshen kifi? Wadda take ba ka makin tafiye-tafiye in ka saya? Malam, an ba kura ajiyar nama ne kawai. Mu nan lardin Albata tun 1993 gwamnatin Ralph Klein ta sayar da kantunanta, ta ce ba aikin hukuma ba ne tsayawa a bayan kanta. Sama ba ta faɗo ba.

Malam Na Otawa:
Injiniya ka bari in ba da labarin daga tushe, sai ka ga kurar ba haka ta fara ba.

A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ontariyo ta hana sayar da giya. Hanin kuwa mai ƙofofi ne. Likita yana iya rubuta maka wiski a matsayin magani, sai ka je wurin mai sayar da magani ka karɓa, kuma ka san yadda ciwo ya yawaita a gari. Giyar inabin da aka yi a lardin ba a hana ta ba. Masana'antu kuma suka ci gaba da dafawa, don ikon hana su yi na gwamnatin tarayya ne, in dai sun ce ƙasar waje za su kai. Da Amurka ta shiga nata hanin a 1920, kogin da ke tsakanin Windsor ta Kanada da Detroit ta Amurka ya zama babbar hanyar 'yan fasa-ƙwauri, wasu kayan ma su zaga su dawo gida ta bayan fage.

Firimiya Howard Ferguson ya ci zaɓen 1926 a kan alkawarin cewa za a dawo da sayarwa, amma a hannun hukuma. A watan Yunin 1927 aka buɗe kantunan farko. Ga yadda suke, don ku ji bambanci da na yau. Ba ka ganin kwalba ko ɗaya. Akwai allo a bango da jerin kaya da farashi. Sai ka fara sayen ɗan littafin izini mai kama da fasfo, da sunanka da adireshinka. Ka cike takarda ka sa hannu, ka miƙa wa akawu, ya buɗe littafinka ya ga abin da ka saya a makon jiya da watan jiya. In ya ga abin ya fi ƙarfin aljihunka, yana da ikon ya ce ba za a ba ka ba. In an ba ka, a naɗe a takarda mai ruwan ƙasa, ka fita kamar wanda ya yi sata.

Kuma akwai jerin sunayen waɗanda aka haramta wa saye sam. Matarka ko wani naka yana iya rubuta wa hukumar wasiƙa cewa kana shanye kuɗin cefane, a bincika, a saka ka. Dubun dubatar mutane suka shiga jerin nan kafin a daina. Tsarin izinin sai 1962 aka soke shi. Kantin farko da mutum zai shiga ya ɗauka da hannunsa sai 1969.

Hajiya Maman Sultan:
Ikon Allah. Wato mace ta rubuta takarda a hana mijinta? Malam, da wannan tsarin yana nan da na san matan da za su yi layi da biro a hannu.

Malam Na Otawa:
Hajiya kada ki yi saurin sha'awarsa. Wa kike jin akawun nan yake hanawa? Ba lauya ba, ba mai banki ba. Lebura ne, da baƙon haure, da macen da aka ga ta cika zuwa. 'Yan asalin ƙasar kuwa, waɗanda aka tarar, dokar tarayya ce ta hana su gaba ɗaya a lokacin, akawu yana duban fuskarka da sunanka ya yanke hukunci. Sa ido ne na gaske, amma idon a kan talaka ya fi tsayawa.

Injiniyan Kalgari:
Ka gama yi mini aikina. Da can zalunci, yanzu kasuwanci. A wane lokaci ne tsarin ya yi kyau?

Hajiya Maman Sultan:
Injiniya, ni ba tarihi na karanta ba, sashen gaggawa nake aiki, shekara goma sha ɗaya. Bari in gaya maka abin da na sani.

Wanda ya ƙudura zai sha, ko a ƙarshen duniya aka ajiye kantin zai je. Ba shi ake tsarewa ba. Wanda ake tsarewa shi ne mutumin da ya yi wata uku bai taɓa ba, yana fama da ransa, ya canza hanyar da yake bi zuwa aiki don kada ya wuce ta gaban kantin. Wannan mutumin yanzu in ya tsaya shan mai, ga ta. In ya shiga sayen madarar yara, ga ta kusa da madarar. Da ƙarfe bakwai na safe. Ina zai canza hanya ya bi?

Abu uku ne duk masu binciken lafiyar jama'a suka yi ittifaƙi a kai: farashi, yawan wuraren sayarwa, da tsawon lokacin da suke buɗe. Ka sassauta su, sha ya ƙaru, mu kuma mu gani a kan gadajenmu. Ma'aikacin LCBO albashinsa ɗaya ne ko ya sayar maka ko ya hana ka, don haka in ya ga kana tangaɗi ba ya jin komai ya ce a'a. Mai ƙaramin shago da haya ke jiransa, ƙarfe goma da rabi na dare, yaro ɗaya a kanta, ga ƙato ya shigo a buge. Wa zai ce a'a? Ɗan Fagge?

Ɗan Fagge:
Anti wallahi wannan ma yana cikin abin da ke hana ni barci. Ko a kan sigari in na nemi katin shaida wasu zagina suke yi.

Injiniyan Kalgari:
Hajiya ina girmama aikinki, amma ki duba abu ɗaya. A Albata gwamnati ba ta saki komai ba sai kanta. Har yau duk kwalbar da za ta shiga lardin ta hannun hukumar lardi take bi, ta ɗora nata kason a matakin sari, sannan 'yan kasuwa su ɗauka. Ita ke ba da lasisi, ita ke ƙwacewa. Kuɗi na shigowa, ba ta biyan hayar kanti, ba ta biyan masu jera kwalabe. Gwamnatin lardin Saskacewan ma ta bi sahu, ta rufe sauran kantunanta a 2023. Alƙali daban, ɗan kasuwa daban. In hukuma ce mai kanti kuma ita ce mai sa ido, ranar da ciniki ya ja baya wane ɓangarenta ne zai yi nasara?

Sannan a nan giya tana shagon giya ne, mai ƙofarsa daban. Ka ga matsalar Ɗan Fagge ba ta gwamnati ko ɗan kasuwa ba ce, ta haɗa giya da burodi a firji ɗaya ce.

Hajiya Maman Sultan:
Wannan ta ƙarshen na karɓa. Amma ka faɗa wa jama'a kantuna nawa ne kafin 1993, nawa ne yanzu.

Injiniyan Kalgari:
Sun ɗan haura 200 a lokacin. Yanzu sun wuce 1,000 nesa ba kusa ba. Ban ɓoye ba.

Hajiya Maman Sultan:
To.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ku 'yan Ontariyo kuna ba ni dariya, abin da kuke kuka a kai mu nan Kebek da shi muka tarar da gari. Lardin nan shi ma yana da hukumarsa, SAQ, kuma ta girmi taku, tun 1921 aka kafa tushenta. Amma giyar sha'ir da ta inabi mai araha suna cikin kowane ɗan shagon unguwa tun kafin a haifi yawancinmu. Ni a Gatino nake, gada ce kawai tsakaninmu da Otawa. Nan shekara 18 ake fara saye, can 19. Ku zo daren Juma'a ku ga yaran Otawa suna tsallako gada kamar an kaɗa musu ganga.

Abin da zan gaya wa ƙanena shi ne, mu ɗaliban da muka zo nan mun daɗe da sanin cewa aikin shagon unguwa ba namu ba ne. Muna neman ɗakin ajiyar kaya, ko gadi, ko wankin motoci, ko kicin ɗin masu abincin halal. Ba mu taɓa samun abin da ku kuka samu ba, shi ya sa ba mu san daɗinsa ba balle mu yi kukan rashinsa.

Baban Walida:
Gaskiyarka. Ni da na zo Toronto a shekarun 1990, aikin farko da duk wani sabon zuwa yake samu shi ne gidan mai ko shagon lungu. Somalawa, 'yan Pakistan, mu, kowa. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce albarkacin dokar giya ce muke wannan aikin hankali kwance. Sai yau da yaron nan ya faɗa na lura. Inuwar da kake zaune a ciki ba ka tambayar wa ya shuka bishiyar.

Amma ni abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Ribar da LCBO ta zuba wa baitulmalin lardi a 2023 ta kai wajen dalar Kanada biliyan biyu da rabi. Da ita ake haɗawa a biya asibiti da makaranta. An yi mini aikin ido bara ban biya ko sisi ba. To da kuɗin me aka yi mini?

Kano Ta Dabo:
Hahaha Baba barka da zuwa muhawararmu ta gida. Ni da nake Kano ina karanta ku ina murmushi. Nan Hisba na fasa kwalabe da motar daddanne titi, can kuma 'yan kudu suna cewa to ku daina karɓar kasonku na harajin VAT da aka tara daga giya. Kun tuna rigimar 2021 da Gwamna Wike na Ribas ya tayar. Kuma abin ya girmi Wike. Tun zamanin Turawa aka ware Arewa a matsayin yankin da ba a shigo da barasa, Kudu kuwa harajin barasar da ake saukewa a tashar jirgin ruwa shi ne ƙashin bayan kuɗin shigarta. Da aka haɗe mu a 1914 asusu ya zama ɗaya. Ashe ko an haye teku tsugune ba ta ƙare ba.

Malam Na Otawa:
Kano Ta Dabo kada ka ja mu Abuja, in muka shiga VAT ba za mu fito ba sai da asuba. A bar shi nan.

Baba, ga abin da zai ɗan kwantar maka da hankali ta fuskar lissafi kawai. Kasafin lardin ya haura dala biliyan 200 a shekara, lafiya kaɗai tana cin sama da biliyan 80. Ribar LCBO ba ta fi kashi ɗaya da ɗan wani abu cikin ɗari ba. Kuma masu bincike a Jami'ar Victoria sun yi lissafin ƙasa baki ɗaya na shekarar 2020: abin da gwamnatoci suka samu daga giya wajen biliyan 13, abin da giya ta jawo na asibiti da 'yan sanda da kotu da asarar aiki kusan biliyan 20. Wato kuɗin giya bai ma isa ya biya ɓarnar giya ba, balle ya kai ga idonka. Idonka harajin tasin da ka yi shekara talatin kana ja ne ya biya.

Baban Walida:
Allah ya yi maka albarka Malam. Yau zan yi barci da ido biyu a rufe, har da wanda aka gyara.

Ustazu Abu Hafsa:
Assalamu alaikum. Na ga an yi nisa, amma kamar an bar yaron a tsaye ana ta gardamar gwamnati.

Ɗan Fagge, hukuncin sayarwa ba ɓoyayye ba ne, kuma na san ka sani, shi ya sa ka kasa barci. Hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya lissafa mutum goma a kan giya, a ciki akwai mai sayarwa da mai ɗauka da wanda ake kai wa. Bai tsaya a kan mai sha ba. Wannan shi ne asali. Malaman da ke ba da fatawa a ƙasashen nan sun yi magana a kan wanda lalura ta kama, cewa ya ci gaba gwargwadon buƙata yana neman wani aikin da gaske, ba neman baki ba. Amma wannan ka zauna da malamin da ya san halinka ido da ido, ba a zaure irin wannan ba, don ni ban san ko kana da abin da za ka ci in ka bari gobe ba.

Maganar Baba kuwa daban ce. Baitulmalin da kuɗi ya cakuɗe a ciki, ba kai ka tara ba, ba kai ka raba ba, kai ma kana zubawa, ba a ɗora maka nauyin tsince shi ba.

Sai abu ɗaya da nake so in ja hankalinmu a kai, ni da kaina har da ni. Kada mu wayi gari muna kare kantin giya don na gwamnati ne. Ayar Baƙara ta ce akwai zunubi babba a cikinta da wasu amfanoni ga mutane, kuma zunubin ya fi amfanin girma. Mulkin wa take ciki bai canza wannan ba.

Hajiya Maman Sultan:
Ustazu ba wanda yake kare ta. Amma ba a ba mu zaɓi tsakanin giya da babu giya ba. An gwada babu a 1916, Malam ya faɗi yadda ta kaya. Zaɓin da ke gabanmu, mu da muke jefa ƙuri'a a nan, shi ne ƙofa ɗari shida da wani abu ko ƙofa dubbai. In na ce ba ruwana don duka haramun ne, wanda zai sha wahalar shirun nawa shi ne irin su Ɗan Fagge da matar da nake ɗinke wa goshi ranar Asabar da dare.

Ustazu Abu Hafsa:
Ban ƙi ba Hajiya. Zaɓar mafi sauƙin sharri biyu ƙa'ida ce sananniya. Cewa nake a riƙa kiransa da sunansa.

Ɗan Damagaram:
Akwai wani wuri da abin nan ya fi ko'ina fitowa fili. Na yi kwangilar wata takwas a Iƙaluwit, can Nunabut a ƙuryar arewacin Kanada. Garin ya rufe kantin giyarsa tun shekarun 1970, mutanen gari ne da kansu suka nema. Shekara arba'in babu kanti. Me ya faru? 'Yan sumoga suka riƙa shigo da barasa mai ƙarfi suna sayarwa ninkin ba ninkin, mutum ya saya ya kwankwaɗe a tashi ɗaya. A 2017 gwamnati ta buɗe kanti nata, giyar sha'ir da ta inabi kawai, sai ka yi rajista da katin shaida, kuma akwai iyakar abin da za a ba ka a rana. Ka ga littafin izinin Malam ya dawo, a kwamfuta. Har na baro garin ba su daina gardama ba, wasu na cewa an karya 'yan sumoga, wasu na cewa kiran 'yan sanda ne ya ƙaru. Wasu ƙauyukan yankin kuma har yau a kan hani suke, da ƙuri'arsu.

Injiniyan Kalgari:
Wannan misalin na yarda da shi, don a can hukuma tsarewa take yi da gaske. Ontariyo fa? Ku tuna yajin aikin Yulin 2024, na farko a tarihin LCBO, ma'aikata wajen 9,000, kantuna a rufe sama da mako biyu. Me Firimiya Ford ya yi? Ya fito da taswira a intanet yana nuna wa mutane inda za su samu giya kafin a buɗe. Shi ne kuma ya yi kamfen a 2018 da alkawarin giyar dala ɗaya. Kuma mutumin nan an ce ko sha ba ya yi! Sannan ya ware har dala miliyan 225 ga The Beer Store don a gaggauta buɗe kasuwar kafin yarjejeniyarsu ta ƙare. Wannan ce hukumar da kuke so ta tsare ku?

Malam Na Otawa:
Ka haɗa abu biyu. Ford ne yake warware tsarin, kai kuma kana kafa hujja da Ford cewa tsarin ba shi da amfani. Ma'aikatan da suka yi yajin, babbar maganarsu ita ce kada a kai gwangwanayen barasar da aka riga aka haɗa da lemo ƙananan shaguna. Ba su yi nasara a kan wannan ba. Su ne a firjin Ɗan Fagge yanzu.

Kuma ga wani abu da sai mai saye ɗaya tak yake iyawa. A Maris ɗin 2025, da Trump ya ƙaƙaba wa Kanada haraji, umarni ɗaya aka bayar aka kwashe duk giyar Amurka daga kantunan LCBO, cinikin da ya kusa dala biliyan ɗaya a shekara. Masu wiski a jihar Kentaki ta Amurka sun ji a jikinsu.

Injiniyan Kalgari:
Wato ta tashi daga mai gadi ta koma ɗan kasuwa, yanzu kuma ta zama sandar faɗa da maƙwabci. Komai take yi ban da aikin da aka kafa ta dominsa.

Malam Na Otawa:
Ban musa ba. Amma mai gadin da ke gyangyaɗi ana iya tashinsa. Farashi mafi ƙanƙanta, lokacin buɗewa, inda za a kafa kanti, duk suna hannun wanda za ka iya kayarwa a zaɓe. In shaguna dubbai suka saba da kuɗin, wane ɗan siyasa ne zai iya zuwa ya ce su mayar da lemo cikin firjin?

Baban Walida:
Ku biyun nan tun zuwan Injiniya zauren nan ba ku taɓa haɗuwa a kan ko da ganin wata ba. Ku dawo kan yaro.

Hajiya Maman Sultan:
Ɗan Fagge, saurara. Kada ka ajiye aiki cikin fushi, kada kuma ka yi shiru. Dokar kare haƙƙin ɗan Adam ta Ontariyo ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi ƙoƙarin daidaita maka aiki da addininka, matuƙar ba zai jawo masa cutuwa mai yawa ba. Ba ta ce dole ya yi duk abin da kake so ba, kuma a shagon da mutum ɗaya ne a kanta yana iya cewa ba hali. Amma ka nema a rubuce, cikin ladabi, ka ajiye kwafi. Ka je masa da mafita a hannu, kada ka je da ƙorafi kawai.

Ga mafitar da nake gani. Shagonku yana kwana a buɗe?

Ɗan Fagge:
Eh Anti, awa 24 ne.

Hajiya Maman Sultan:
To lasisin nasu daga bakwai na safe ne zuwa sha ɗaya na dare. Daga sha ɗaya zuwa bakwai ko ya so ba shi da ikon sayarwa. Awa takwas ke nan. Dare uku a mako, ga awa 24 ɗinka cif.

Ɗan Damagaram:
Kai! Hajiya ko dai lauya ce ke a ɓoye?

Ustazu Abu Hafsa:
Shawara ce mai kyau. Sai dai ya tambaya tun yanzu wa ke cika firjin, don yawanci mai aikin dare ake bar wa jeren kaya. Kada a gudu daga sayarwa a faɗa ɗauka.

Ɗan Fagge:
Jama'a na dawo, ku yi haƙuri da shirun kwana biyu. Na rubuta masa kamar yadda Anti ta ce, muka zauna jiya. Mutumin bai yi gardama ba ko kaɗan, ashe aikin daren ne ya rasa mai so, wanda ke yi ya daɗe yana roƙon a mayar da shi rana. Ya ba ni Lahadi, Talata da Alhamis. Firjin ana kulle su ƙarfe sha ɗaya, makullin yana wurin na yamma. Maganar jere kuma na faɗa masa, ya ce ɗan'uwansa zai riƙa yi da safe, ni in ɗauki wankin injin kofi da shara da lissafin sigari a madadin. Takardar Smart Serve dai ya ce sai na yi, wai saboda in mai duba lasisi ya zo.

Matsala ɗaya ta rage. Ranar Laraba ina da aji ƙarfe tara a Toronto, ina tashi bakwai. In akwai mai bin hanyar daga Brampton da sassafe ya taimaka ya yi mini magana ta gefe, zan sa kuɗin mai.

Baban Walida:
Riƙe kuɗinka. Bakwai da kwata ka tsaya a bakin famfo na farko, kuma ka haɗo mini kofi, sukari biyu.